Tambayoyi da Amsoshi Kan Bibiyar Baƙi a Shafin Dillancin Intanet

Duk wanda ya taɓa wuni a Kasuwar Kara ana saura kwana biyu babbar sallah ya ga yadda dillali ke aiki. Tun daga nesa yake karantar mai tahowa: wannan kallo ya zo yi, wannan tayi kawai zai yi ya wuce, wancan kuwa kuɗinsa na aljihu. Ba ya ɓata yawunsa a kan kowa daidai wa daida. Mai shafin dillanci a intanet sana'arsu ɗaya da shi, ka haɗa mai kaya da mai saye a ba ka la'ada. Sai dai kai ba ka ganin fuskar kowa. Mutum zai shigo shafinka daga Mabera ko daga Birnin Konni, ya karanta, ya fita, ba sallama ba bankwana. Alƙaluman bibiya su ne idonka a wannan kasuwa.

Tambayoyin da ke ƙasa na tara su ne daga ƙanne da ɗalibai da muke zama da su a nan Sakkwato. Wasu na bar su da bakin masu su.

Malam, mene ne ainihin abin da ake bibiya?

Tafiyar baƙo ake bi, kuma zango huɗu gare ta. Daga ina ya fito, wane rubutu ya karanta, ko ya latsa mahaɗin da ke kai shi wurin mai kaya, sannan ko ya saya. Zango uku na farko a cikin shafinka suke faruwa, kana iya ganinsu. Na huɗu a shagon wani yake faruwa, sai abin da kamfanin ya nuna maka a allon asusunka. Wannan rabuwa ita ce ta bambanta mu da mai sayar da kayan kansa, wanda ke ganin ciniki daga farko har ƙarshe. Aikinka kullum shi ne ɗinke waɗannan littattafai biyu, naka da na kamfani, har su yi magana ɗaya.

Da wace manhaja zan fara, kuma nawa zan biya?

Ba za ka biya ko sisi ba a farko. Abu biyu za ka saka tun ranar da ka buɗe shafi: Google Analytics da Google Search Console. Na farko yana faɗa maka abin da baƙo ya yi bayan ya shigo, na biyu yana faɗa maka abin da ya rubuta a Google kafin ya same ka.

Google Analytics ya fito a 2005, bayan da Google ya sayi wani kamfani mai suna Urchin. Tsohon tsarin Google Analytics ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yuli, 2023, wanda ake amfani da shi yanzu shi ne GA4. Na faɗi wannan ne saboda bidiyoyin koyarwa da yawa da ke yawo na tsohon tsarin ne, za ka yi ta neman maɓallin da babu shi. Idan lambar da aka ba ka ta fara da G- to kana kan sabon. Mai amfani da manhajar gina shafi ta WordPress ya saka Site Kit, na Google ne, kyauta, zai haɗa masa duka biyun ba tare da ya taɓa lambobin ginin shafin ba.

Abu uku ka gyara a ranar farko. Ka saita agogo a kan lokacin Najeriya, ka saita kuɗi a kan naira, sannan ka shiga wurin tsawon ajiyar bayanai ka mayar da shi wata 14, domin a wata 2 yake zuwa. Wanda ya manta da na ukun sai shekara ta zagayo, ya so ya tono cikakken bayanin azumin bara, ya tarar an share.

Daga baya kana iya ƙara Microsoft Clarity, shi ma kyauta ne, yana nuna inda mutane ke taɓawa a fuskar waya da inda suke tsayawa. Wanda ba ya son bayanansa su zauna a hannun Google akwai Matomo, amma wannan sai ka ɗan ƙware.

Na saka, amma alƙaluman sun yi mini yawa. Wanne zan kalla?

Ka rufe ido ga mafi yawansu. Mai dillanci abu huɗu ya kamata ya riƙe, kuma na kowane rubutu daban, ba na shafi gaba ɗaya ba: mutum nawa suka karanta, nawa suka latsa mahaɗin kaya, nawa suka saya, nawa ya shigo aljihu.

Bari in buga misali da lissafin da na ƙirƙira don a gane. A ce kana da rubutu biyu. Na farko labarin sabuwar waya mai tsada, mutum 3,000 suka karanta a wata, 60 suka latsa, mutum 1 ya saya, aka ba ka naira 4,000. Na biyu kwatanta fankoki masu caji guda uku, mutum 400 kacal suka karanta, 120 suka latsa, 9 suka saya, la'adarka ta kama naira 9,000. Idan yawan baƙi kake kallo za ka ce na farko ne tauraro, ka ƙara rubuta irinsa goma. Alhali na biyun ne ke ciyar da kai. Masu karanta labarin waya 'yan kallo ne, masu karanta na fanka zafi ne ya koro su.

Akwai ma'auni ɗaya da nake so kowa ya iya a ka: ka raba kuɗin da ka samu da yawan latsawa. A misalin fanka, 9,000 a raba 120, kowace latsawa ta kawo naira 75. Da wannan kake gwada kamfani da kamfani. Wani zai ce yana ba da kashi 10 cikin 100, wani kashi 4, amma idan mutane sun fi amincewa su saya a wurin na biyun, latsawarsa ta fi ta na farko daraja. Yawan kason da aka rubuta a takarda ba shi ne ke shiga aljihu ba.

Ta yaya zan san an latsa mahaɗina?

GA4 yana iya ƙirga duk latsawar da ta fitar da mutum daga shafinka zuwa wani wuri, muddin ka bar ma'aunin da suke kira Enhanced measurement a kunne. Ka gwada da kanka: ka buɗe shafin a wata waya, ka latsa mahaɗin, ka duba rahoton Realtime, wanda ke nuna abin da ya faru a minti 30 da suka wuce. In ka ga kalmar click ta bayyana, aiki ya yi. Sauran rahotanni kan ɗauki yini ɗaya ko biyu kafin su cika, kada ka tayar da hankalinka.

Ga wani rami da mutane da yawa ke faɗawa. Mahaɗan dillanci dogaye ne marasa kyan gani, sai a yi amfani da manhajoji irin su Pretty Links a gajarta su, su koma kamar wani ɗaki ne a cikin shafinka. To GA4 zai ɗauka mutum bai fita ba, don adireshin naka ne, ba zai ƙirga shi cikin masu fita ba. Wani yaro ya zo mini a shagon cajin waya da ke kusa da mu, ransa a ɓace, yana nuna mini sifili a wurin latsawa alhali kamfani na nuna masa ciniki. Muna zaune a kan benci, janareta na ƙara, muka gano wannan ne dalili. Maganinsa a kafa ƙirga ta musamman da manhajar Google Tag Manager ga duk mahaɗin da aka gajarta haka, ko a dogara da ƙirgar manhajar gajartawar.

Sannan ka duba ko kamfanin yana ba da damar liƙa wa kowane mahaɗi laƙabi. Amazon, babban shagon intanet na Amurka, wanda ya fara shirinsa na dillanci tun 1996, yana barin mutum ya buɗe lambobin bibiya har 100 a asusu ɗaya. Kamfanoni da dama suna da irin wannan da wani suna. Ka ba kowane muhimmin rubutu laƙabinsa, ta haka in ciniki ya faɗa za ka san rubutun da ya kawo shi. Wannan ita ce allurar da ke ɗinke littattafan nan biyu.

Malam, mi yas sa rabin baƙina an rubuta musu Direct, alhali na san ba wanda ya haddace adireshina?

Domin mu mutanen WhatsApp ne. Idan mutum ya taho daga Google ko daga wani shafi, burauzarsa, wato manhajar da yake buɗe shafuka da ita, kan zo da shaidar inda ya fito. Idan daga WhatsApp ya latsa, ko Telegram, ko saƙon tes, sau da yawa babu wannan shaida, sai GA4 ya jefa shi cikin kwandon Direct, wato wanda ba a san asalinsa ba.

Maganin shi ne ka ɗaura wa mahaɗin guzuri kafin ka tura. Ana kiran wannan UTM, 'yan kalmomi ne da ake ƙarawa a wutsiyar adireshi, suna faɗin inda aka saka shi da kuma dalili. Google na da shafi kyauta na haɗa su, sunansa Campaign URL Builder. Mahaɗin da za ka sa a status ka rubuta masa whatsapp da status, wanda za ka tura zauren tsofaffin ɗalibai ka ba shi nasa suna, na Facebook nasa daban. Bayan wata ɗaya za ka ga zauren da ke kawo masu saye da wanda ke kawo masu cewa Allah ya sa albarka kawai.

Ka kiyaye abu biyu. Ka riƙa rubuta su da ƙananan baƙaƙe kullum, don a wurin GA4 WhatsApp da whatsapp abu biyu ne daban. Kuma kada ka taɓa sa UTM a mahaɗin da ke kai mutum daga wani rubutu naka zuwa wani rubutu naka, zai rikita maka asalin baƙon.

Masu karatuna 'yan Sakkwato ne, amma rahoto ya ce Legas da Abuja. Ƙarya yake yi?

Ba ƙarya ba ce, hasashe ne. Ana gane gari ta adireshin intanet ɗin da mutum ya fito da shi, kamfanonin waya kuma suna tara zirga-zirgar masu amfani da data su fitar da ita ta manyan cibiyoyinsu. Mutum yana zaune a Gawon Nama sai a gan shi a Legas. Saboda haka ka amince da rahoton ƙasa, amma rahoton gari ka riƙe shi sako-sako.

Rahoton ƙasa kuwa yana da muhimmanci ƙwarai gare mu. Illela ga ta nan, ana tsallakawa sai Konni, kuma Hausar da ka rubuta ana karanta ta a Tawa da Maraɗi da Damagaram, har da 'yan'uwa da ke Gana da Saudiyya. In ka ga wani rubutu yawancin masu karanta shi daga Nijar suke, kamfanin da kake yi wa dillanci kuma ba ya kai kaya can, to ka gano dalilin da ya sa ake latsawa ba a saye. Ko ka nemo musu abin da ba ya buƙatar mota ta kai, kamar darasi ko littafin da ake saukewa a waya, ko ka daina lissafa su cikin masu saye.

Ni na ƙirga latsawa 200, kamfani ya nuna 140. Cutata ake yi?

Kada ka yi saurin zargi. Alƙaluman nan biyu ba sa taɓa zuwa daidai, kuma dalilan suna da yawa. Kai kana ƙirga lokacin da yatsa ya taɓa, su suna ƙirga lokacin da shafinsu ya buɗe. Tsakanin nan sabis na iya ɗaukewa, mutum ya gaji ya koma. Mutum ɗaya na iya latsawa sau uku, su ɗauke shi ɗaya. Agogonsu na iya bambanta da naka, abin da ya faru da daddare ya faɗa cikin lissafin gobe ko na jiya. Wani lokaci ma abin juyawa yake, nasu ya fi naka yawa, saboda masu toshe talla a burauza ko masu Opera Mini a yanayin tsimin data ba koyaushe GA4 ke ganinsu da kyau ba.

Abin da za ka sa wa ido shi ne giɓin ya tsaya a inda ya saba. In kullum suna nuna kusan kashi bakwai cikin goma na naka, haka hanyar take. Ranar da ya faɗi zuwa kashi biyu, ka bi mahaɗanka ɗaya bayan ɗaya, akwai wanda ya karye ko kayan da ya ƙare.

Abokina ya ce ya saya ta mahaɗina, amma ban ga la'ada ba.

Wannan ita ce tambayar da ta fi ciwo, kuma na san ciwon. Idan mutum ya latsa, ana ajiye wata 'yar shaida a burauzarsa da ake kira kuki, ita ke cewa wane ne ya turo shi. Shaidar tana da wa'adi. Ta Amazon awa 24 ce, sai dai in mutum ya sa kayan a kwando cikin wannan lokaci, sannan a ƙara masa kwanaki. Wasu kamfanoni mako guda suke bayarwa, wasu wata. Ka karanta sharuɗɗan naka.

Ga hanyoyin da la'ada ke zubewa. Ya latsa a wayarsa, ya je ya saya da wayar yayansa. Ya latsa a cikin Facebook, wanda ke buɗe shafi a burauzarsa ta ciki, daga baya ya buɗe manhajar kamfanin kai tsaye. Ya latsa naka, kafin ya biya ya tafi neman rangwame ya latsa na wani, galibin kamfanoni kuma na ƙarshe suke biya. Mai iPhone kuma burauzar Safari tana gajarta rayuwar irin waɗannan shaidu.

Sai babbar matsalarmu ta gida, biya bayan kaya sun iso. Mutum zai yi oda da zafinsa, kaya su ɗauki kwanaki kafin su taho daga kudu, kafin nan kuɗin sun shiga wata hidima, ko an kira wayarsa ba a samu ba. Kaya su koma, la'ada ta koma. Akwai shekarar da na ga oda ta taru mini kafin sallah har na fara lissafin abin da zan yi da kuɗin, bayan mako uku fiye da rabi suka koma soke. Tun daga nan nake raba shafi biyu a littafina, wanda ake jira da wanda ya tabbata, kuma na biyun kaɗai nake kira kuɗi. Na kuma koyi rubuta wa mai karatu gaskiyar tsawon jira da inda zai je ya karɓa, don wanda ya sani tun farko ba ya cika fasawa.

Ana shigowa da yawa amma ba a latsawa. Ina matsalar take?

Ka fara da lokacin da suke ɗauka. A wurin GA4, ziyara ba ta shiga cikin ziyarori masu amfani sai mutum ya wuce daƙiƙa 10, ko ya buɗe shafi biyu, ko ya aikata wani abu da ka ware a matsayin muhimmi. In mafi yawa ba sa kaiwa haka, ko dai shafin yana da nauyi, ko kanun ya yi alƙawarin abin da rubutun bai cika ba.

Nauyi ka auna shi da shafin Google mai suna PageSpeed Insights, ka duba sakamakon waya, ka bar na kwamfuta. Google na ɗaukar daƙiƙa 2.5 a matsayin iyakar da babban abin da ke shafi ya kamata ya bayyana. Amma gwajin da na fi yarda da shi shi ne ka ari ƙaramar waya mai araha, ka fita bayan gari wajen hanyar Wamakko ko Kware, ka buɗe shafinka da data. Abin da ka gani shi mai karatunka ke gani. Galibi hotuna ne ke jawo nauyi, a rage girmansu.

In kuwa suna zama suna karantawa amma ba sa latsawa, nan Clarity ke amfani. Za ka iya tarar da cewa mahaɗin yana can ƙasa inda kaɗan ne ke isa, ko suna ta taɓa hoton kayan suna zaton zai kai su, alhali hoton ba ya kai ko'ina.

Me Search Console zai ƙara mini?

Shi ne mafi soyuwa a gare ni, domin a nan kake jin muryar mutane. Yana nuna kalmomin da aka rubuta a Google har shafinka ya bayyana, sau nawa ya bayyana, sau nawa aka shiga, da matsayinka a jeri, kuma yana ajiye na wata 16. Za ka ga yadda mutanenmu ke rubutu a zahiri: ba ƙugiya a baƙaƙe, Hausa da Turanci a cakuɗe, kudin a maimakon kuɗin, nawa ne, wanne yafi, yadda ake. Wanda ya rubuta nawa ne ko wanne ya fi ya kusa saye. Wanda ya rubuta mene ne yana nesa tukuna.

Ka nemi kalmomin da kake bayyana a kansu da yawa amma ba a shiga. Ko kanunka ne bai ja hankali ba, ko ba ka da rubutun da ya amsa tambayar kai tsaye. Kowace irin wannan kalma rubutu ce da ke jiran ka rubuta ta, kuma a Hausa har yanzu fili a buɗe yake, tambayoyi da yawa ba wanda ya amsa su da kyau.

Ni kaina ina buɗe shafina sau da yawa a rana. Ana ƙirga ni?

Ana ƙirgawa, kuma a sabon shafi kai kaɗai kana iya zama kashi mai yawa na baƙin. Cire kanka ta hanyar tace adireshin intanet ba ya aiki sosai ga mai data, don adireshin na canjawa. Mafi sauƙi, in da Site Kit kake aiki, ka bar zaɓin da ke cire wanda ya shiga a matsayin mai shafi a kunne, ka kuma riƙa dubawa daga burauzar da ka shiga da ita.

Wani ya ce zai turo mini baƙi 10,000 a kan kuɗi kaɗan. In karɓa?

A'a. Na'urori ne ba mutane ba, ba sa saye, suna lalata maka alƙaluma, kuma kamfani na iya rufe asusunka da kuɗinka a ciki. Ko ba ka saya ba wani lokaci sukan faɗo da kansu. Alamarsu ita ce tashi na dare ɗaya daga ƙasar da ba ka da alaƙa da ita, duk a shafi guda, lokacin zama sifili. Ka rubuta ranar a littafinka don kada ka gwada wata da wata da wannan ƙura a ciki.

Sau nawa ya kamata in duba?

Sau ɗaya a mako ya isa, da zama mai tsawo sau ɗaya a wata. Duban kowace awa ba ya ƙara baƙo ko ɗaya, sai cin data da tashin hankali. Ƙaramin shafi kuma alƙalumansa na tsalle, mutum 12 yau, 40 gobe, ba abin da za ka gina a kai. Ka jira mahaɗi ya tara latsawa ɗari ko fiye kafin ka yanke masa hukunci.

Kuma ka gwada lokaci da irinsa. Shekararmu tana da fuska. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, hankalin kowa na kan fanka mai caji, sola da abin sanyaya ruwa. Hunturu na zuwa da man shafawa da rigunan sanyi. Azumi da sallah suna da nasu, kuma suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka ka bi su da watan Musulunci ba na Bature ba. Komawar ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da sauran manyan makarantu na tayar da neman kwamfuta da abin cajin waya. Nuwamba kuma manyan shagunan intanet irin su Jumia da Konga kan yi rangwamensu na shekara. In rubutun fanka ya faɗi a Agusta ba lalacewa ya yi ba, damina ce. Abin da alƙaluman bara za su ba ka shi ne makon da neman ya fara tashi, ka gyara rubutun da farashinsa wata guda kafin nan.

Malam, ni matar aure ce, ba ni da shafi, a status da zaurukan mata nake tallata kayan girki. Wannan ya shafe ni?

Ya shafe ki, Malama, kuma naki ya fi sauƙi. Ki yi amfani da laƙabin da kamfani ke bayarwa, ɗaya na status, ɗaya na kowane zaure. In babu wannan damar, manhajojin gajarta mahaɗi irin su Bitly suna ƙirga latsawa, amma ki fara duba ko sharuɗɗan kamfanin sun yarda da gajartawa. Ki samu littafi ki ja layi huɗu: rana, abin da kika saka, mutum nawa suka gani, nawa suka latsa. Cikin wata biyu za ki san lokacin da matan ke sakin aiki su ɗauki waya, da irin hoton da ke sa su tambaya. Duk wannan da waya ake yinsa, ba sai da kwamfuta ba.

Bibiyar mutane ba tare da saninsu ba, ba leƙen asiri ba ne? Kuma kuɗin halal ne?

Na ji daɗin wannan tambaya. GA4 ba ya nuna maka sunan kowa ko lambar wayarsa, taro yake nunawa, kuma dokokin Google sun hana ka tura masa bayanan da za su fallasa mutum. Duk da haka haƙƙin baƙo ne ya sani. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita. Ka rubuta shafi guda da Hausa mai sauƙi, ka faɗi manhajojin da kake amfani da su da abin da suke tarawa. In kana karɓar lambobin waya ko imel, amana ce, ba a sayarwa, ba a bai wa aboki.

Dillanci kuwa tsohuwar sana'a ce da malamanmu suka sani, kuma wanda ke da shakka a kan wani nau'in kaya ko wata yarjejeniya ya kai ta gaban malami da cikakken bayaninta. Abin da na sani a fili shi ne hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Yabon kayan da ka san ba su da kyau algus ne. Ɓoye wa mai karatu cewa kana samun la'ada shi ma bai dace ba, ka rubuta a saman rubutu a fili. Google ma tun 2019 ya fito da alamar sponsored da ake liƙa wa irin waɗannan mahaɗai. Akwai kuma dabarar cusa wa mutum kuki ba tare da ya latsa komai ba don a ci la'adar cinikin da ba kai ka kawo ba. Wannan sata ce, a Amurka har an ɗaure mutane a kanta.

Yaushe zan haƙura da rubutu ko da kamfani?

Rubutu ba a cika goge shi ba, gyara shi ake yi. In yana da baƙi ba latsawa, ka matso da mahaɗin sama, ka sa teburin kwatanci. In ana latsawa ba a saye, ka bi mahaɗin da kanka kamar mai saye har bakin biya, ka ga farashi, kuɗin kawowa Sakkwato, da ko kayan na nan. Sau da yawa kuɗin kawowar ne ke korar mutum a mataki na ƙarshe. Ka canja abu ɗaya kawai a lokaci guda, ka rubuta ranar, ka jira mako biyu zuwa huɗu, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Kamfani kuwa, ka raba latsawa tsakaninsa da wani mai irin kayansa na tsawon wata biyu, ka fitar da kuɗin kowace latsawa daga la'adar da ta tabbata kaɗai. Ka haɗa da tsawon lokacin da kowanne ke ɗauka kafin ya biya, da mafi ƙarancin kuɗin da sai ka tara kafin a sake maka, da ko a asusun bankinka na naira zai faɗa. Wanda ya zo ƙasa a wannan lissafi ka sauke shi zuwa zaɓi na biyu a cikin rubutun, ka sake gwada su idan bazara ta zagayo.